Wace irin leda ce ta dace da adana hotunan da aka wanke?

Uwar_Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Akwai hotunan iyali kusan 400 a hannuna. Wasu baƙi da fari ne na iyaye da kakanni, wasu masu kala ne na shekarun 1980 da 1990, sai 'yan kaɗan na baya-bayan nan da aka buga da firinta. Rabinsu suna cikin jakar leda an ɗaure su da robar ɗaure kuɗi, sauran suna cikin tsohon albam irin mai gam ɗin nan da ake ɗaga leda a manna hoto a mayar da ita.

Niyyata in sayi ledojin fayil masu huji a gefe, in zuba hotunan ciki, in jera su a fayil mai zobe. To sai na ga ledojin iri-iri ne. Wata mai kauri da taushi, wata shara-shara, wata an rubuta mata "acid-free", wata ba a rubuta mata komai ba. Wacce zan ɗauka? Mai kaurin ce ta fi? Kuma ko akwai abin da ya kamata in yi wa hotunan kafin in saka su?

Ma'ajin_Takardu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki sayi komai, yau ɗin nan ki cire robar da aka ɗaure su da ita. Akwai farar wuta a cikin irin wannan roba, kuma farar wuta abokiyar gabar azurfa ce, ita kuwa azurfa ita ce siffar da kike gani a hoto baƙi da fari. Ga shi kuma idan robar ta tsufa narkewa take yi ta manne ta bar layi a fuskar hoton sama da bayan na ƙasa.

Maganar leda kuwa, kauri ba shi ne ma'auni ba. Sau da yawa ma mai kaurin nan mai taushi, mai daɗin taɓawa, ita ce mugunyar. Abin dubawa shi ne da wace roba aka yi ta. Iri uku ne masu adana kayan tarihi suka yarda da su:

PP, wato robar polypropylene, wadda ake yi wa alamar lamba 5 a cikin ɗan kusurwa uku na kibau da ake bugawa a jikin kayan roba. Ita ce ta fi dacewa da aikinki. Tana da haske daidai gwargwado, ba ta da wari, kuma da ita ake yin yawancin shafukan albam na kirki.

PE, wato robar polyethylene, mai lamba 2 ko 4. Ta fi taushi, tana da ɗan duhu-duhu kamar hazo, ba ta nuna hoto ras. Ba ta cutar da hoto, ta fi kyau ga abin da za a ajiye ba wanda za a riƙa kallo ba.

PET, wato foliyesta, mai lamba 1. Ita ce gaba da duka: garau kamar gilashi, tana da ƙarfi, tana tallafe hoton da ya yage ko ya yi laushi. Sunayen da aka fi saninta da su a wannan fanni su ne Mylar da Melinex. Ba sai kin saya wa hoto 400 ita ba, ki ware wa 'yan tsofaffin da ba su da na biyu.

Wadda za ki guje wa ita ce PVC, mai lamba 3, wani lokaci a rubuta mata "vinyl". Asalin PVC roba ce mai tauri, irin ta bututun ruwa. Don ta yi laushi ta zama leda sai an cuɗa ta da wani mai, har yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Man nan ba a ɗaure yake da robar ba, a hankali yake tsattsafowa. Shi ne maiƙon da ake ji a jikin tsohuwar leda, shi ne ke sa ta yi danƙo ta kama fuskar hoto, shi ne kuma ke jan rini daga wasu hotunan. Duk wanda ya taɓa zare takardar fotokwafi daga tsohuwar leda ya ga rubutun ya zauna a jikin ledar baki ɗaya, to aikin man nan ya gani. Bayan haka, idan PVC ta fara lalacewa tana fitar da asid mai sinadarin kulorin, hoto kuwa yana kulle a ciki yana shaƙa.

Rubutun "acid-free" a jikin leda kada ya ruɗe ki. Magana ce da ta shafi takarda, domin a takarda ne ake auna asid. Ana iya manna wannan rubutu a kan PVC tana sabuwa ba a yi ƙarya ba. Haka kalmar "archival", babu wata doka da ta fayyace ma'anarta, kowane kamfani yana iya bugawa. Rubutun da ke da nauyi shi ne wanda ya ce kayan sun ci gwajin PAT, wanda ke ƙarƙashin ƙa'idar ISO 18916. Cibiyar Image Permanence Institute da ke Rochester a Amurka ce ta samar da shi. Ana haɗa samfurin ledar ko takardar da wasu abubuwa masu saurin nuna lahani irin na hoto, a ajiye su a zafin digiri 70 na ma'aunin Celsius da laima kashi 86 cikin ɗari har kwana 15, sannan a duba ko sun dushe ko sun yi tabo. Idan kin ga PP tare da PAT a fakiti, ki saya hankali kwance.

Idan fakitin bai faɗi komai ba, ga yadda za ki gane da kanki. Da farko ki buɗe ki shinshina. PVC tana da wari mai ƙarfi, irin na sabon labulen banɗaki na roba ko sabuwar ƙwallon yara da ake hurawa. PP ba ta da wani wari. Na biyu, ki yanko ɗan ƙyalle kamar faɗin farce daga tsakiyar ledar, ba daga farin gefen mai huji ba. Ki ɗiga ɗigon sabulun ruwa ɗaya a kofin ruwa, ki danna ƙyallen ƙasa da yatsa ki kaɗe kumfar iskar da ta maƙale masa, ki sake shi. PP da PE sun fi ruwa rashin nauyi, za su taso sama. PVC da PET sun fi ruwa nauyi, za su nutse. In ya nutse, hannu zai raba miki gardama: PET tana da tauri, tana ƙara ƙaras-ƙaras idan an lanƙwasa ta, PVC kuwa laɓa-laɓa take, ba ta ƙara.

Akwai gwaji na uku ga mai son tabbaci. A samo guntun wayar jan ƙarfe da aka feɗe wa roba tas, a riƙe da filaya, a gasa bakinta a shuɗin harshen wutar gas har wutar ta daina canza launi. A dangwala ta a jikin ledar ta ɗan narke a kanta, a mayar cikin wuta. Idan harshen ya koma kore shar, akwai kulorin, PVC ce. A yi shi a waje ko kusa da buɗaɗɗiyar taga, hayaƙin ba na shaƙa ba ne.

Sai kauri. Ledojin ofis na yau da kullum sukan kasance maikiron 40 zuwa 50 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), suna yamutsewa, hujinsu yana yagewa da nauyin hoto. Ki nemi maikiron 75 zuwa 100. Kuma ki ɗauki mai santsi garau, ba mai gurza-gurzan nan da aka yi don hana ƙyalli ba, domin fuskarta tana goge hoto duk lokacin da aka zura shi ko aka zare.

Mai_Ɗakin_Duhu ya rubuta:

Bayanin Malam a kan robobi ba abin da zan ƙara. Inda zan ɗan ja da shi kaɗan shi ne, kada Malama ta ɗauka da zarar ta samu lamba 5 an gama. Leda mafi kyau a duniya tana iya lalata hoto idan ɗakin yana da laima.

Dalili kuwa shi ne, fuskar hoton da aka wanke da ruwan magani, baƙi da fari ne ko mai kala, jelatin ce, wani danƙo da ake samowa daga fata da ƙashin dabbobi. Tana shan laimar iska ta kumbura ta yi laushi, in iska ta bushe ta koma ta ƙanƙance. Idan ta yi laushi alhali tana matse da leda mai santsi, sai ta kwaikwayi santsin ledar. Alamar farko ita ce wasu tabo masu sheƙi kamar an ɗiga ruwa tsakanin hoton da ledar. In abin ya yi nisa sai ta manne, ranar da aka ja sai fuskar mutum ta biyo leda. Leda kuma ba ta numfashi. Laimar da aka kulle hoto da ita tana nan ciki, fumfuna kuwa jelatin abincinta ne.

Saboda haka abu na farko da zan ce a saya ba leda ba ce, ɗan ma'aunin laimar iska ne mai batir. A ajiye shi mako biyu a daidai wurin da ake son ajiye hotunan, a riƙa dubawa safe da dare, musamman lokacin damina. Abin da ake so kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Daga 60 an fara shiga haɗari, sama da 65 na tsawon kwanaki fumfuna za ta iya tashi. Ƙasa da 30 kuma hotuna sukan nannaɗe su yi ƙarau, fuskarsu ta tsattsage.

Irin waɗannan ma'aunai ba duka ke faɗin gaskiya ba, amma gwada su da sauƙi. A cika murfin kwalba da gishiri, a ɗiga ruwa har ya jiƙe kamar ɗanyen yashi ba tare da ya narke ba, a saka shi tare da ma'aunin a cikin roba mai murfi da ba ta shan iska, a bari kwana ɗaya. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 70, to kullum a ƙara 5 a kan abin da ya faɗa.

Idan wurin ya wuce 60 a yawancin lokaci, shawarata ga tsofaffin baƙi da farin nan ita ce ambulan takarda, ba leda ba. Takarda marar asid, wadda aka cire wa sinadarin itace mai sa jarida ta yi ja, wadda ita ma ta ci PAT. Takarda tana barin laima ta fita, ba ta kuma kama fuskar hoto kamar leda. Aibinta ɗaya: sai an zaro hoto kafin a gani, kowace zarowa kuwa taɓawa ce. A saka hoton yadda fuskarsa ba ta kallon gefen da aka manne ambulan da gam.

Wanda ya fi son leda duk da haka, sai ya gyara iskar da kansa. A samo akwatin roba na PP mai murfi da ke rufewa ruf, a saka albam ɗin ciki tare da ma'aunin da ƙwayoyin silika, irin waɗanda ake gani a ƙananan ƙunshi cikin kwalin sabon takalmi. Waɗancan ƙananan ba za su yi komai ba, sun riga sun ƙoshi da ruwa. A sayi na awo, a fara da kamar giram 100 zuwa 200 a jakar yadi ga matsakaicin akwati, a bar ma'aunin ya faɗi ko a ƙara ko a rage. Kada ƙwayoyin su taɓa hoto. Mai launin ruwan lemo da ke komawa kore idan ta ƙoshi ta fi mai shuɗi, don shuɗin yana da guba. In ta ƙoshi a baza ta a faranti a gasa a obin a kusan digiri 120 na awa ɗaya zuwa biyu, ta huce a rufe, a mayar. Kuma ranar da za a zura hotuna cikin leda a zaɓi ranar da iska ta bushe, ba ranar da aka kwana ana ruwa ba.

Wani abu game da foliyesta: tana tara wutar nan da ke sa leda ta ja gashi. Idan fuskar hoto ta fara ɓarewa, ko an yi masa ƙarin kala da hannu, ko akwai rubutun fensir mai gari, za ta ɗebe su. Irin wannan hoto takarda ce tasa.

Uwar_Biyu ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, Malamai. Na cire robar. Na kuma gwada ledar tsohon albam ɗin a ruwa, ta nutse. Matsalar yanzu ita ce wasu hotunan sun ƙi ɗagowa daga shafin, kuma a bayan waɗanda suka fita akwai layi-layi ruwan ƙasa. Yaya zan yi da waɗanda suka ƙi? Sannan an ba ni shawarar in kai masu muhimmancin a yi musu laminatin in huta. Me kuka gani?

Hajiya_Mai_Albam ta rubuta:

'Yar'uwa, laminatin dai a'a. Na'urar tana narkar da gam a zafin da ya haura digiri 100 ta matse shi cikin fuskar hoton da bayansa. Babu komawa. Duk ranar da ledar ta yi ja, ko ta fara ɗagowa daga kusurwa laima ta shiga, ba mai iya raba su ba tare da ya ɓare hoton ba. Wasu hotunan ma tun a cikin na'urar suke mutuwa: hoton awon ciki da ake bai wa masu juna biyu a kan takarda mai aiki da zafi ake buga shi, yana shiga zai fito baƙi ƙirin. In ana son abin da yara za su riƙa jagwalgwalawa, a buga kwafi a yi wa kwafin laminatin.

Layin da kika gani a baya gam ɗin albam ne da ya tsufa. Irin wannan albam ya yi tashe daga shekarun 1970, kwalinsa mai asid ne, gam ɗinsa kuma ko ya bushe hotuna su zube, ko ya ƙara kamawa. Layin da ya riga ya zauna ba ya fita, kada ki goge shi da komai. Cire hoton daga shafin ya isa ya rage ci gaban ɓarnar.

Ga yadda za ki bi da waɗanda suka ƙi:

Kafin ki taɓa komai, ki ɗauki hoton kowane shafi yadda yake, don tsarin jerin da duk rubutun da ke gefe kada su ɓace. Sannan ki yi wa kowane hoto sikanin yana nan a manne. In wani abu ya faru wajen cirewa, kina da madadin.

Ki shimfiɗa shafin a tebur mai tsabta. Ki samo zaren sakace marar kakin zuma kuma marar ƙamshi, kamar tsawon santimita 40, ki naɗe bakinsa biyu a yatsunki. Ki nemo kusurwar da ta ɗan ɗago, ki zura zaren ƙarƙashinta, ki riƙa ja hagu da dama a hankali kamar mai yanka sabulu, zaren yana kwance a jikin shafin ba yana ɗaga hoton ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne kama kusurwa a ja sama. Hoton zai lanƙwashe, fuskarsa ta karye da ƙananan layuka farare waɗanda ba sa gyaruwa, ko bayansa ya rabu biyu.

In kin ji zaren ya tsaya cak, ko kin ga farin takarda yana biyo shi, ki dakata. Wannan hoton a bar shi a shafinsa. Ki cire ledar da ke rufe shi ki yar, ki yanke shafin daga albam, ki sa takarda marar asid a kan ragowar gam ɗin da ke kewaye, ki saka shafin gaba ɗaya cikin sabuwar ledar PP. Kada ki sa ruwa, kada ki sa kananzir ko man goge farce, kada ki sa wuƙa ko reza. Akwai masu hura iskar na'urar busar da gashi a bayan shafi don gam ya yi laushi. Yakan yi aiki, amma zafi yana nannaɗe hoto, ni ban ba mai koyo wannan shawara.

Waɗanda suka fita amma bayansu na da danƙo, kada ki tara su kan juna. Kowanne ki ɗora bayansa a kan 'yar takarda marar asid daidai girmansa, su shiga aljihu tare.

Wajen riƙewa: hannu wankakke, busasshe, ba mai, a kama ta gefe. Zanen yatsa ba ya nunawa yau, bayan shekaru yake fitowa ruwan ƙasa, lokacin ya riga ya ci cikin fuskar. In za ki sa safar hannu, ta roba mai kama hannu irin ta asibiti marar hoda ta fi ta auduga, don ta auduga tana sarƙe yagaggen gefe. Ƙura kuma a share ta da burushi mai laushi sosai, daga tsakiya zuwa gefe, ba da tsumma ba, ba kuma da hurawa da baki ba.

Mai_Firinta ya rubuta:

Tunda hotunan ba iri ɗaya ba ne, a rarrabe su kafin a jera.

Masu kalar 1980 da 1990 rini ne a cikinsu, kuma rinin yana dushewa ko a cikin duhu, shi ya sa suke komawa ja-ja ko ruwan ɗorawa a cikin albam da ba a buɗewa. Leda ba ta hana wannan, sanyi ne kawai ke rage masa gudu. A ƙiyasi, duk saukar zafi da digiri 5 zuwa 6 yana kusan ninka tsawon ransu. Don haka a nemi wuri mafi sanyi a gida, ɗakin tsakiya, ba jikin bangon da rana ke duka ba, ba saman silin ba, ba kusa da kicin ko banɗaki ba. Su ne kuma ya kamata a fara yi wa sikanin, don su ne ke kan hanyar tafiya.

Na firinta mai fesa tawada a bar su su sha iska aƙalla awa 24 kafin su shiga leda, ko da sun bushe a taɓi. Su leda tana yi musu rana sosai, domin iskar gari ce ke cinye tawadarsu, amma laima tana sa kalar ta malala, gefen abubuwa ya yi dishi-dishi. Na ƙananan injinan buga hoto nan take, masu aiki da ribon da zafi, su ne PVC ta fi yi wa illa, rinin yana ƙaura ya koma jikin ledar. Na Polaroid, kyamarar nan da ke fito da hoto nan take, sabbi a bar su kusan wata guda kafin a rufe su, kuma kada a yanke farin gefensu. Idan akwai nagetif, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, a cikin jakar, a ware su daban, duk wanda ke warin binega a fitar da shi daga cikin sauran, kada a kulle shi a leda.

Sai girman ledar. Ledar A4 santimita 21 da 29.7 ce, hoton da aka saba kuwa 10 da 15. In an jefa shi ciki haka nan zai riƙa yawo, ya taru a ƙasa, ya goge ɗan'uwansa. Hanya biyu ce. Ko a sayi shafuka masu aljifai daidai girman hoto, akwai na 10 da 15, na 13 da 18, na 20 da 25. Mai ɗaukar hoto 6, uku gaba uku baya, guda 67 za su ɗauke hoto 400. Ko kuma a ɗora hotunan a kan kati marar asid da 'yan kusurwoyin maƙala hoto, waɗanda gam ɗinsu katin yake kamawa ba hoton ba, a zura katin cikin ledar A4. Hanya ta biyu ta fi cin lokaci amma tana ba da wurin rubuta suna da shekara. Aljihu ɗaya hoto ɗaya, ko biyu baya da baya. Fuska da fuska ba a yi. Kuma aljihu ya ɗan fi hoton girma, wanda sai an tura da ƙarfi zai ci kusurwa.

Fayil ɗin kansa a duba shi, don yawancin masu bango mai laushi da PVC aka lulluɓe su. A nemi na PP ko na kwali mai yadi. Zobe mai siffar D ya fi mai da'ira, shafuka suna kwanciya daidai, na da'ira yana lanƙwasa na farko da na ƙarshe. Shafi 67 a raba su fayil biyu, kada a cika har murfi ya ƙi rufuwa, matsi shi ke haifar da mannewar da Malam Mai_Ɗakin_Duhu ya yi bayani. A tsayar da su a tsaye, in da hali cikin kubensu na kwali don ƙura da haske, a kan kanta da ta ɗaga daga ƙasa aƙalla santimita 15 saboda ruwa da gara.

Ma'ajin_Takardu ya rubuta:

Na karɓi gyaran Malam Mai_Ɗakin_Duhu, laima tana gaba da zaɓin leda. Ƙari kaɗan kan rubutu, don hoton da ba a san ko wane ne a ciki ba jikoki zubar da shi za su yi.

Biro ba ya hawa bayan hoto. Matsinsa yana fitowa ta fuska, tawadarsa kuma tana bin hoton da ke ƙasa. Tsofaffin baƙi da fari masu bayan takarda zalla a rubuta musu da fensir mai laushi, 2B zuwa 6B, a gefe, hoton na kife a kan abu mai tauri, ba dannawa. Masu kalar kuwa an lulluɓe takardarsu da siririyar roba gaba da baya, fensir zamewa yake yi. Su a rubuta a 'yar takarda a sa a bayansu cikin aljihu, ko a kan katin. A rubuta cikakken suna, wuri da shekara, ba "Baba da abokinsa" ba. Salatif, kilif, ƙusar sitefila da takarda mai manne kanta duk a cire su. Yankin jarida kuma kada ya kwana aljihu ɗaya da hoto, a yi fotokwafinsa a ajiye asalin daban.

Sikanin a yi shi a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, a adana a kwamfuta a tsarin hoto na TIFF, kwafi uku, ɗaya ba a gidan ba. Abin da za a rataye a bango kwafi ne, asali ya zauna a duhu.

Mai_Ɗakin_Duhu ya rubuta:

Saura ɗaya, Malama, ko da tsautsayi ya sa ruwa ya shiga fayil ɗin. Leda mai buɗaɗɗen baki tana shan ruwa ta riƙe, kuma fumfuna takan fara cikin awa 48. A yanka ledar da almakashi ta gefe a buɗe ta kamar littafi, kada a ja hoton ta baki. Waɗanda aka wanke da ruwan magani, in ruwan mai datti ne, a ɗauraye su a ruwan sanyi mai tsabta ba tare da taɓa fuskar ba, a shimfiɗa su ɗaya-ɗaya a kan tawul, fuska sama, a inuwa, fanka na kaɗawa daga nesa. Za su nannaɗe, a bar su, in sun bushe sarai a danne su da littafi. Na firinta mai fesa tawada ba a ɗauraye su, a shimfiɗa kawai. In sun yi yawa ba za a iya shanya su cikin kwana biyu ba, a sa takarda mai kakin zuma tsakanin kowane biyu, a zuba a jakar leda a sa a firiza, a riƙa fitowa da kaɗan-kaɗan ana shanyawa.